Ranar da Aka Zo Gayyar Babana da Buhuna

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, kwana biyu bayan ruwan da ya kayar da katangar bayan gidanmu a Dundaye. Tun da aka sallame asuba Inna ta ɗora tukwane uku a tsakar gida, irin manyan nan da ba a fito da su sai biki ko suna. Ni da yayata Luba mun wuni biyu a bakin turmi, muna surfe muna daka har tafin hannunmu ya yi ja, ƙanwarmu Nana tana korar kaji daga shanya. Geron da muka daka kuwa shi ne na ƙarshe a gidan. Da kaina na shiga rumbu na tattaro zangarniyar da ta rage a ƙasa, don ni ce siririyar da bakin rumbun ke ɗauka. An yanka bunsurun da muka shekara muna yi wa ciyawa. Duk wannan hidima ta gayya ce. Babana ya aika wa mutum sama da talatin goro su zo su taya shi noman gonarsa ta gero, wadda ciyawa ta riga ta kama wa wuya, kuma a wannan gona ce abincinmu na shekara yake.

Da hantsi muka ɗauki fura a ka, ni da Luba, muka bi burtali. Tun daga nesa nake jin gangar makaɗin noma, raina fes, don na san abin da zan tarar: maza sun yi sahu sun duƙa, riguna a rataye a reshe, ƙasa tana tashi a bayansu, samari suna tsere ana yi musu kirari. Muna isa gindin tsamiyar da ke bakin gonar sai na ja na tsaya, har fura ta zubo mini a wuya. Mutane sun zo, ba su ƙi zuwa ba. Amma a zaune suke a inuwa, cikin fararen kayansu na Juma'a, da huluna, wani ma har ƙamshin turare yake. Kowa da buhu a naɗe a hammata. Ga jakuna uku a ɗaure, ga amalanken shanu ɗaya an ja shi gefe. Na bi hannuwansu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ban ga kalme ko guda ba, wato 'yar hauyar da ake noma da ita a wajenmu. Yau har furfura ta fara fito mini, amma ban taɓa tuna wannan zama nasu ba face raina ya ɓaci.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya kawo buhu gona. Babana, Malam Umaru, manomi ne ɗan manomi. Ya yi firamare, ya ɗan taɓa gaba da ita, mahaifinsa ya rasu, ya tattaro littattafansa ya dawo gona. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, mu uku ne duk mata, saboda haka ƙarfinsa da gayya ne suke riƙe da gidanmu. Ita kuwa gayya ba alfarma ba ce, zagaye ce. Yau a yi taka, gobe a yi tawa. Wanda ya karɓi goronka ya ci, ya ɗauki alkawari ke nan, sai ciwo ko rasuwa za su hana shi fita. Babana bai taɓa karɓar goron gayya ya zauna gida ba. Shi ne farkon zuwa, shi ne yake ɗaukar gefen da ya fi ciyawa, kuma sau nawa ina gani Inna tana gasa masa baya da ruwan zafi bayan ya dawo daga gonar wani. Kusan babu gona a yankinmu da zufarsa ba ta ɗiga a ciki ba.

Abu ɗaya ne da shi wanda mutane suke so kuma suke tsoro: bakinsa ba ya riƙe gaskiya. A wancan lokaci takin zamani da ake cewa an kawo wa manoma ba ya isowa hannun manoma. A ji labarinsa a rediyo, a gan shi a kasuwa da tsada. Wata rana wasu manya suka zo taro da motoci, aka shimfiɗa musu darduma, kowa ya tashi sai godiya. Da aka zo kan Babana, ya miƙe da rigarsa ta gona ya ce shi bai ga abin godiya ba tukuna, a nuna masa buhu ɗaya da ya shigo garin nan ta ƙofa, shi zai fara durƙusawa. Sai samari suka ɗauki sowa. Daga ranar aka sa masa ido. Da zaɓe ya matso, dattawa suka yi ta zarya a zaurenmu sai ya tsaya takarar majalisa. Ya ƙi, ya sake ƙi. Inna ma ba ta so ba, ta ce masa wanda ya bar gona damina ba ta jiran sa. Shugaban masu matsa masa wani maƙwabcinmu ne, Mamman Dogo, mai baki kamar an shafa masa zuma. Da kunnena na ji shi ta bayan zana yana cewa, “Malam Umaru, kai dai tahi ka yi muna magana cikin birni. Gonarka kuwa tamu ta, ko ɗiyan cikinmu ba su hi ta ba.” Da wannan alkawari Babana ya yarda, aka kuma zaɓe shi.

Mu yara mun ɗauka mun haye. A makaranta aka daina kira na Hadiza, sai ɗiyar Onarabul. In ana gaɗa a fili ni ake turawa tsakiya, in ana carafke a ba ni duwatsun da suka fi santsi, mai ƙosai ta bakin makaranta ma takan ƙara mini ɗaya. Na jira sabon takalmi, na jira mota ta tsaya a ƙofar gida, shiru. Abin da na ga ya ƙaru kawai shi ne mutane a zaure. Kafin Babana ya gama lazimi sun cika tabarma, wannan da takardar asibiti, wancan matarsa ta haihu, wani rufin ɗakinsa ya faɗa. Abin da ake ba shi a wata ba ya kwana uku a aljihunsa, kuma duk a kan waɗannan mutane yake ƙarewa. Abin da ake ba shi ta bayan fage kuwa ba ya karɓa. Yakan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa ba aski aka aike shi ba. Ya gaya wa Inna tun farko cewa gidansa daga rumbunsa zai ci, don ranar da ya fara ci daga hannun manya, ranar bakinsa zai mutu.

Yadda yake zuwa aikin ma abin dariya ne a wajen mutane. Da asuba ya leƙa gona ya ɗan taɓa abin da ya samu, sannan ya hau tsohon babur ɗinsa da laka a ƙafa ya shiga gari. A Ƙofar Marke yake tsayawa gidan ƙanwarsa Gwaggo Kulu, inda manyan rigunansa guda biyu suke rataye. Nan zai wanke ƙafa, ya canza kaya, ya wuce majalisa. Na taɓa yin hutu a gidan, na ga Gwaggo tana goga masa dutse a dunduniya tana faɗa, wai faso irin wannan ko tsabar gero aka zuba a ciki sai ta tsiro. A can majalisa, ta ce, abokan zamansa in ya shigo sai su riƙa tambayar ko an yi ruwa a ƙauye, suna ƙyafta wa juna ido. Shi ko a jikinsa. Yana dariya yake ba mu labari, ni kuwa haushi kamar ya kashe ni.

A shekara ta biyu ya yi abin da aka aike shi. Ya yi ta faɗa har aka kawo takin yankinmu cikakke, ya sa aka sauke shi da rana tsaka a ƙofar masallacin Juma'a, aka kira magidanta ɗaya bayan ɗaya a gaban liman. Wanda ya zaɓe shi da wanda ya zage shi, kowa rabonsa ɗaya. Shi ma buhun da ya samu daidai yake da na kowa. To a nan gizo ke saƙar. Mutanenmu ba su taɓa ganin rabo irin wannan ba, don haka ba su yarda shi ne duka ba. A saninsu, duk wanda kaya suka bi ta hannunsa yakan ware na fili, ya ware na ɓoye, na ɓoyen kuma shi ake kira na 'yan gida a raba a inda ba ido. Suka zauna jiran kira. Shi kuwa Babana zaman majalisa ya riƙe shi a gari, geronsa ya fito ya yi kyau, ciyawa ta biyo shi, harƙiya da ƙarangiya suka yi masa rumfa. Masu cewa gonar tasu ce ba wanda ya leƙa. Da ya ga abin zai ɓaci, ya yi abin da ubansa da kakansa suke yi, ya sayi goro ya aika gida gida. Goron yana isa, sai magana ta zagaya cewa ranar ta zo, Onarabul ya kira nasa gona, nesa da idon jama'a.

Muka sauke fura a gindin tsamiya. Babana yana tsaye a cikin gonar da gajeren wando da kalmensa a kafaɗa, yana kallon su, su ma suna kallon sa suna murmushi irin na mun san juna. Mamman Dogo ne ya taso yana gyara hula, ya rage murya, amma ina kusa na ji komai.

“Ranka shi daɗe, mu hwa mun gane. Nan babu baƙon ido. A hiddo abin ga a raba, kowa shi kama gabanai.”

“Wane abu, Mamman?”

“Takin mana. Namu na gida. Wanda anka raba ƙohwar masallaci ai na kowa da kowa na.”

Babana ya sauke kalmen daga kafaɗa a hankali. Ya ce, “Mamman, goron mi na aika maku?”

“Na gayya.”

“To ina kalmenku?”

Mamman ya yi 'yar dariya ya waiwayi sauran. “Haba Onarabul! Kai da ka zama da manya, mi za ka yi da gero?”

Babana bai ɗaga murya ba. Ya ce wallahi ba shi da ko mudu ɗaya na taki a ɓoye, abin da aka raba shi ke nan, kuma ciyawa ba ta san Onarabul ba, ga ta nan tana cin abincin 'ya'yansa. Suka kalli juna. Na ɗauka kunya ce ta kama su. Ashe ba su yarda ba ne. Wani saurayi, wanda Babana ya biya wa uwarsa magani a watan da ya wuce, ya zagaya bayan 'yar bukkar da muke fakewa in ana ruwa, ya ɗaga zanar ya leƙa ciki. Ina gani da idona. Ba abin da ya gani sai tulu da tsohuwar tabarma. Ya dawo ya girgiza wa sauran kai, sai guna-guni ya tashi, wai an raina musu hankali, wai an ɓata musu safiya.

Ana cikin haka yaran maƙwabta suka iso da tuwo da miya da naman bunsuru. Luba ta kama hannuna ta ce mu juya da shi gida. Da ma abin da ke raina ke nan. Babana ya hango mu ya ce, “Ku aje. Abincin da anka dahwa da sunan mutane ba a mai da shi gida.” Muka ajiye. Na rantse da Allah na ɗauka ba wanda zai iya miƙa hannu. Suka wanke hannu. Suka zauna rukuni rukuni suka cinye tuwon nan tas, suka shanye furar da na daka da hannuna, wani ma na ga ya ƙunshe nama a ganye ya sa a aljihun farar rigarsa. Ni ce nake zuba musu ruwa, hawaye yana gangaro mini, ba wanda ya tambaye ni abin da aka yi mini. Da suka gama suka yi hamdala, suka ce bari su je gida su ɗauko kalme. Suka kwance jakunansu. A cikinsu duka samari biyu ne suka dawo, su ma sai bayan azahar, kansu a ƙasa.

Mutum ɗaya ne ya zo da kalme tun da safe, kuma ban ma lura da shi ba sai da wurin ya watse. Can ƙarshen gonar yake a duƙe, bai ɗago ba duk hayaniyar nan. Baba Ɗan'ige ne, wani tsoho mai taurin kai, wanda duk garin an san bai zaɓi Babana ba. Hoton abokin takararsa ma yana manne a ƙofar gidansa har ya koɗe. Na kai masa sauran furar da ta rage a gindin ƙwarya, Babana ya biyo ni yana yi masa godiya. Tsohon ya shanye, ya goge baki da bayan hannu ya ce, “Bar godiya, Umaru. Ni ban zaɓe ka ba, gobe ma ba ni zaɓen ka. Amma ka zo tawa gayya, kuma na ci goronka.” Ya koma ya duƙa. Makaɗi ya rasa yadda zai yi, ya fara kwance gangarsa, Babana ya ce ya ci gaba, ai an kira shi. Haka ya yi ta kaɗa wa mutum huɗu kiɗan mutum talatin har la'asar, kuma abin da suka nome bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gonar ba.

Da muka koma gida da tukwane wayam, Inna ta fito da fara'a tana tambaya ko an gama. Luba ce ta gaya mata. Inna mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta ɗaga wa Babana murya ba, amma ranar ta tsaya a bakin ɗakinsa ta ce, “Malam, rumbu babu ko ƙwara. Ka zamna mako biyu ka nome gonarka. Majalisa ba ta gudu.” Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, a makon da zai kama ne majalisa za ta yi zama a kan fadamar bakin gulbi, inda mutanen garinmu suke shinkafa da albasa. Wasu masu hannu da shuni sun sa mata ido, kuma in ba wanda ya tsaya, za a ba su. Babana ya ce, “In na zamna noman tawa, wa ka hwaɗin tasu?” Inna ta ce, “Su wa? Masu buhu?” Ranar Litinin da asuba na ji ƙarar babur ɗinsa ya fita.

Mu muka shiga gonar. Ni da Luba muka ɗaure zane, kowa ta ɗauki kalmen da ya fi ƙarfinta, Nana tana bin mu tana kwashe ciyawa. A garinmu 'yan mata sukan kai abinci gona, sukan yi roron wake, amma duƙawa noma ba aikinsu ba ne, balle 'ya'yan Onarabul. Hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Ƙarangiya ta cika mana zane, in mun dawo mu zauna muna cire ta ɗaya ɗaya. Na yi kwana tara ban je makaranta ba, da na koma malaminmu ya yi mini bulala uku kafin ya tambayi dalili, sai na buɗe masa tafin hannuna ya gani. Masu buhun nan ta bakin gonarmu suke wucewa zuwa nasu gonakin, su ɗaga hannu su ce mana sannunku da aiki. Sannunku da aiki! A gari kuma sabon zance ya fito, wai duk wayo ne, Malam Umaru ya gina gida a wani gari, yana sa 'ya'yansa noma ne don a ce ba shi da shi. A filin makaranta aka daina tura ni tsakiyar gaɗa. Wata yarinya ta ce mini babana marowaci ne, na kama ta da kokawa har muka yaga littafin juna.

Babana ya yi nasara a kan fadama, ba a ba kowa ita ba. Ya dawo da murna, ya wuce gona kai tsaye bai ko cire babbar riga ba. Ina can na gan shi ya tsaya a tsakiya yana dubawa. Noma yana da lokaci, in ya wuce ya wuce. Inda muka samu muka nome da wuri geron ya ɗan taso, sauran kuwa ya yi rawaya ya tsaya iya gwiwa, sirara kamar tsinken tsintsiya. Ya tsuguna ya kama wani kara ya daɗe yana juya shi a hannu. Bai ce mana komai ba sai Allah ya yi muku albarka.

Kaka ta zo, kuma shekarar ba a taɓa ganin albarka irin ta ba a yankinmu. Takin da aka raba a ƙofar masallaci ya yi aiki. Ko'ina ka duba jakuna ne da dammuna, har rumbu ya yi wa wasu kaɗan suka yi sabo. Mamman Dogo ma sabon rumbu ya yi. Namu geron kuwa, wanda a da ake kwana uku ana jigilarsa, jaki ɗaya ya kwashe shi kafin azahar. Babana tun da ya zama magidanci bai taɓa fashin fitar da zakka ba, a gona yake ware dami ɗaya cikin goma kafin a kai gida. Shekarar nan ya ƙirga ya sake ƙirgawa, abin bai kai a fitar ba.

Bayan kwana kaɗan, da safe ina sharar ƙofar gida, sai ga Baba Ɗan'ige yana koro jakinsa da dami biyu manya. Ya yi sallama, Babana ya fito. Akwai mutane a zaure kamar kullum, suna jiran a ba su. Tsohon bai rage murya ba, shi da ma bai iya ba. Ya ce, “Umaru, zakka ta. Na tambayi liman, na kuma duba garin ga dut, ban ga wanda ya hi ka cancanta ba. In ka mai da ta, kai da Allah.” Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. A raina ina ta cewa ka ƙi, Baba, ka ƙi, ko ganye ne ma ci. Ɗan majalisa guda, a gaban masu roƙonsa, a kawo masa zakka a kan jaki. Babana ya kalli dammunan, ya juya ya kalli cikin gida inda Nana take zaune da kwanon koko, ya daɗe a haka. Sannan ya sa hannu biyu ya sauke damin farko da kansa, ya ce, “Allah shi amsa, Baba.” Ya ce mini, “Hadiza, kira Luba ku shiga da shi.” Na zauren nan ba wanda ya ɗaga kai. Inna ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da aka dama furar geron na ce ba zan sha ba, na wuni da yunwa ina kumbure-kumbure, washegari da safe na sha, kuma geron nan shi ya kai mu wata biyu.

Da wa'adinsa ya cika ya sake tsayawa, don dattawa sun ce kada ya ba da kunya. Bai ci ba. Abin da aka riƙa faɗa a dandali shi ne, wanda bai iya ci ba ina zai iya ba wani. Wanda ya gaje shi shekara ɗaya ya yi ya koma birni ya ja doguwar katanga, in an je gaishe shi a wuni a rana a bakin ƙofa, a dawo ana yabon girman gidan. Babana ya koma gonarsa. Damina ta gaba Mamman Dogo ya aiko da goron gayya, ba kunya ba tsoron Allah, Babana kuma ya karɓa ya ci ya tafi. Na tare shi a zaure na ce don me. Ya ce in kowa ya rama, gayya ta mutu, in ta mutu kuwa mai 'ya'ya mata ne zai fara jin jiki. Na gane maganar, amma har yau ban huce ba.

Shekaru bayan haka, ina karatun koyarwa, na ci karo da labarin wani manomi a ƙasar Amurka, can wajen shekara ɗari da wani abu da suka wuce. 'Yan'uwansa manoma ne suka gaji da masu cin guminsu, suka ɗauko shi daga gona suka tura shi babbar majalisar ƙasarsu, 'yan birni suna yi wa tufafinsa dariya. Littafin ya kawo jawabansa da irin faɗan da ya yi. Na karanta har ƙarshe ina neman abu ɗaya ban samu ba: wa ya nome masa gona da yake can, kuma me 'ya'yansa suka ci a shekarar? Masu rubuta tarihi ba sa tambayar wannan.

Yanzu a Minanata nake zaune, ina koyarwa, gero kuma a mudu nake sayen sa kamar kowa. In na je Dundaye ba na jin gangar noma. Maganin feshi ya maye gurbin sahun maza, kowa da gonarsa kowa da damuwarsa, yarana ma sai da na yi musu bayanin mece ce gayya. Fadamar bakin gulbi tana nan, jikokin masu fararen kaya suna cin shinkafarta, yawancinsu ba su san an taɓa yin faɗa a kanta ba. In zaɓe ya zo nakan ga mata a layi ana miƙa musu taliya da sabulu, in tuna mutumin da yake wanke laka a Ƙofar Marke kafin ya shiga cikin manya, sai kewarsa ta kama ni har in rasa abin da ke mini daɗi. Ranar da ya rasu gidanmu bai ɗauki jama'a ba, har kan hanya aka shimfiɗa tabarmi, kowa ya buɗe baki sai ya ce ba a yi mai gaskiya irin Malam Umaru ba. Ina daga ciki ina jin su, ina amsa gaisuwa. Yabon ya zo, amma damina ta riga ta wuce.